Neman Unguwar da Za Ta Riƙe Mana Baba

Tun da na dawo daga Kwanni ban huta ba. In na je rijiya tambaya, in na shiga garka tambaya, har wadda rabona da ita tun sunan autarta sai da ta aiko a ji yadda na baro birni, da inda na baro Baba. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, kowace ta tafi da nata guntun ta ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Duk Badagishiri an san mahaifinmu, Malam Mamman mai albasa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana saro albasa yana kaiwa Sakkwato, har tsufa ya zaunar da shi, daga baya kuma ya taɓa masa tunani. Ba ya faɗa, ba ya ɓarna. Abu ɗaya ne: da hantsi ya yi sai ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce za shi Sakkwato, kaya na jiransa. A garinmu wannan ba abin tashin hankali ba ne. Kafin ya kai bakin kasuwa mai shayi ya tare shi da hira, ko mahauci ya ba shi benci, in rana ta yi zafi wani ya riƙo masa hannu har gida.

Ciwon fitsari ne ya kawo magana. Likitan garinmu ya ce sai an riƙa duba shi akai-akai a babban asibiti. Ƙanena Isuhu kuwa, mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kwanni, yana zaune a ɗaki ɗaya da matarsa Ramatu yana neman gida. Ya kira ni ta salular maƙwabcinmu, don a garinmu ba kowa ke da ita ba.

Ya ce, "Yaya Rakiya, gida biyu na samu, unguwa biyu. Ki taho da Baba ki duba, ke kinka san halinai. Wadda kinka zaɓa nan za mu zamna da shi."

Ba zan ɓoye muku ba, da niyyar kushewa na shiga mota. Tun rasuwar Inna ni ke dama wa Baba fura, ni ke wanke masa kaya, ina gidan mijina ina gidanmu. Yanzu kuma a ce wani gari zai karɓe shi? Na ce a raina ko unguwar da zinariya aka gina ta sai na samo mata aibu, in dawo da tsohona, asibiti kuwa ma riƙa zuwa muna dawowa ko da wahala.

Motar da muka samu wata tsohuwar hiyas ce da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Direban ya girmama Baba ya sa shi gaba, bai san abin da ya janyo wa kansa ba. Tun kafin mu fita gari Baba ya zama ubangidansa: nan rage gudu, nan akwai rami, nan a da akwai wata kuka. Ramin da yake faɗa an cike shi tun ina budurwa, amma direban, Allah ya yi masa albarka, sai ya rage gudun ya ce, "To Baba, mun wuce shi lahiya." Ni ina baya, an cusa mini ragon wani a ƙarƙashin kujera. Ina jin yana motsi na ɗauka zafi ne ya dame shi, ashe ƙullin zogalen da na yo wa Ramatu tsaraba ya samu. Mai ragon ya ba ni haƙuri har da rantsuwa wai ragonsa ba ya cin zogale, ga ganye a bakinsa.

Kafin Tsarnawa jandarma suka tsayar da mu. Wanda ya leƙo wani dogo ne Bazabarme, Hausarsa a tsattsaye. Ya ce, "Baba, karti." Baba ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai ɗan wa na? Ka rame. Ba su ba ka abinci wurin aikin ga?" Ya zaro goro daga aljihu ya miƙa masa. Mota ta ɗauki dariya, ni kuwa ina ta laluben takardunmu. Jandarman ya karɓi goron da hannu biyu, ya zagayo ta tagata ya ce a hankali, "Madam, ki riƙe shi da kyau. Nawa baban ya rasu ina bakin aiki." Maganar ta shige ni, ta kuma ƙara mini taurin kai a kan abin da na ƙudurta.

A Tsarnawa, inda hanyarmu ke haɗuwa da babbar hanya, aka tsaya sauke kaya. Kafin in kwance ƙafata daga ta ragon, Baba ya sauka, ya isa wurin buhunan albasar ajiya da aka jera a bakin titi, yana latsawa yana yi wa masu ita faɗa wai sun cire ta ba ta ƙosa ba. Da dafaffiyar gyaɗa na lallaso shi ya koma mota.

Kwanni kuwa, ku da ba ku taɓa zuwa ba, ku ɗauka ranar kasuwarmu ce aka hana ta watsewa. Babura 'yan kabu-kabu sun fi awakinmu yawa, kuma ba su san tsoho ba su san mai goyo ba, sai dai ka kauce. Kowace ƙofa an jera kwalaben mai da ake shigowa da shi daga Najeriya, wai shi ruwa-ruwa, ana sayar da shi kamar yadda muke sayar da man gyaɗa. Ruwan sha a garwa ake kawo shi. Gaisuwa ma a tafe ake yin ta, kafin ka ce ina gajiya mutum ya sha kwana. Ramatu ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar kuɓewa, ga wani burodin Najeriya mai zaƙi da Baba ya ƙwallafa wa rai tun daga ranar. Ɗakin nasu ɗan mitsitsi ne, mu mata muka kwana ciki, Isuhu da Baba a rumfa cikin gidan sauro. Sauron Kwanni shi ma na sa shi cikin aibun gari.

Washegari kafin a je duba kowane gida na ce wa Isuhu ya kai ni in ga iyakar Najeriya, inda ake wucewa Sakkwato. Ya yi mamaki, amma ya goya ni a babur ɗinsa. Tafiyar ba ta da nisa ko kaɗan, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Muka tsaya gefe muna kallo. Manyan motoci ana tsayar da su, 'yan duwan, wato kwastan, na hawa suna dubawa. Amma ɗan kabu-kabu da ya goyo tsoho mai farar riga, hannu kawai yake ɗagawa ya wuce, don mutanen nan da na can dangi ne, kullum ana zuwa suna da jana'iza. Na ce wa Isuhu, "Ka gani? A gida in Baba ya ce za shi Sakkwato magana ta. A nan in ya hwaɗi, akwai mai kai shi." Isuhu ya juya babur muka dawo.

Saboda haka na ce ba gini na zo dubawa ba. Kowane gida za mu je da safe, mu shimfiɗa wa Baba tabarma, mu bar ƙofa a buɗe. In hantsi ya yi ya tashi, mu bi shi daga nesa, mu ga abin da unguwa za ta yi da shi. Isuhu ya ce abin ya yi masa nauyi, kamar muna yi wa mahaifinmu tarko. Na ce gara mu gani muna bayansa da ya faru kana lakwal.

Gidan farko a sabuwar unguwa yake, inda ma'aikata suka fi yawa. In na ce bai yi kyau ba na yi ƙarya. Siminti har tsakar gida, pampo a ciki, wutar lantarki, ga bishiyar dalbejiya. Layin a share, ba kwata ba shara, kuma Isuhu ya ce ba a taɓa jin sata ba don akwai sojoji a layin. Ramatu har ta zaɓi inda za ta kafa murhu.

Hantsi na yi Baba ya miƙe. Muka bi shi. Layin shiru, katanga dama katanga hagu, ƙofofin ƙarfe duk a rufe. Masu gida suna buro wurin aiki, yara suna lakwal. Wani kare ya yi haushi daga ciki. Akwai wani mai gadi Buzu yana dafa shayi, ya gaida Baba da ladabi ƙwarai, Baba ya amsa ya wuce, shi kuma ya koma kan shayinsa. Ban ga laifinsa ba, ƙofa aka ba shi ya tsare, ba masu wucewa ba. Haka Baba ya yi ta tafiya ba wanda ya ce masa ina zuwa, har ya sa ƙafa a kan kwalta ga wata tankar mai ta taho. Isuhu ya sheƙa ya riƙo shi. Can cikin raina na ce wannan unguwa ta faɗi, saura ɗaya.

Gida na biyu yana tsohuwar unguwa a bayan tasha. Tun daga bakin lungu na fara aikin da ya kawo ni. Na nuna wa Isuhu kwatar da ta ratsa tsakiyar hanya. Na nuna masa shatin da ruwan damina ya bari a jikin bango, ya kusa gwiwata. Na nuna masa kwalaben mai a jere kusa da mai gasa nama. Injin niƙa na ihu, rediyo uku kowace da tasharta, ga kuma abin da ya fi komai: matattarar 'yan kabu-kabu a gindin wata tsamiya, daidai inda lungun ya fita. Na ce, "Nan ko kaza ba ni bari, balle Baba." Gidan kansa na ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, ba laifi, amma ban faɗa ba.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata tsohuwa mai tuyar masa, Inna Kulu. Kafin mu shimfiɗa tabarma ta san daga ina muke, ta san aikin Isuhu, ta san Ramatu ba ta haihu ba tukuna har ta faɗa mata maganin da za ta sha. Na ce a raina ga gulma kuma, a ƙara a kan kwata. Ta kawo wa Baba masa a ganye, ta tsaya tana kallon yadda yake juya ta a hannu yana magana shi kaɗai. Sannan ta koma kan tandarta.

Da hantsi Baba ya ɗauki sanda. Muka ba shi rata muka bi. A nan tafiyar ba ta yi sauri ba. Wani tela ya tsayar da shi suka gaisa, masu dara a bakin masallaci suka ce ya zauna ya ce yana sauri. Ya wuce su duka, kai tsaye sai gindin tsamiya. Ina hange ya dafa kafaɗar wani mai babur, baƙi kakkaura da furfura a gemu, ina jin muryarsa yana cewa, "Kai ni iyaka, Sakkwato za ni." Na waiga don in ce wa Isuhu ya ruga, sai na ga Inna Kulu ta miƙe tsaye a bakin tandarta, ta ɗaga cokalin tuyarta sama tana juya shi a iska. Ban tsaya tunanin ma'anarsa ba, don kafin in juyo mutumin ya ɗora Baba, ya tayar da babur, sun fice.

Ban san sanda na yar da mayafi ba. Na ruga, takalmina ɗaya ya faɗa cikin kwatar nan da na gama zagi, na bar shi. Isuhu ya wuce ni da gudu yana kiran a ba shi babur. Sauran 'yan kabu-kabun suna zaune abinsu, ɗaya ma yana cewa, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Na zage su tas. Abin da na faɗa musu ba zan maimaita ba, Allah ya yafe mini. Ina cikin haka, ina ganin iyakar nan a idona da hannun da ake ɗagawa a wuce, sai ga ƙarar babur ta bayanmu, ta ɗaya bakin lungun. A hankali yake tafe kamar ya ɗauko ƙwai. Baba na baya, ya riƙe sandarsa a gicciye, fuskarsa fal murna.

Mai babur ya tsaya daidai bakin masallaci ya ce, "Baba, mun iso. Ga abokan ciniki nan suna jiranka." Masu dara suka matsa suka ba shi wuri, ɗaya ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Yaya albasa bana?" Baba ya zauna ya gyara riga, ya fara ba su labarin albasar bana.

Na tsaya da takalmi ɗaya. Mai babur ɗin, Ɗan Tani suke ce masa, ya zo ya ɗan rusuna.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mun ba ki tsoro. Inna Kulu ta yi min alama, ta juya cokali. In ta juya haka, na zagaye na. Mu kai shi bayan kasuwa mu komo da shi."

Na ce, "Wa ya hwaɗa mata?"

Inna Kulu ta iso tana goge hannu a zani. Ta ce, "Ɗiyata, wa za ya hwaɗa min? Uwar mijina haka ta yi. Ita Makka taka zuwa kullum da sahe. Yaran ga sun yi shekaru suna kai ta Makka suna komowa da ita, har Allah ya karɓi abinai. Bayanta an yi wani tsohon soja. In ka hana su sai su yi ta kuka, ko su sulale ba ka sani ba. In ka kai su, shi ke nan, sai kuma gobe."

Na zauna a dakalin ƙofarta. Amma ban sallama nan take ba, kun san ni. Na ce kwatar fa, ruwan damina fa, man da ke kusa da wuta fa? Ba ta kare unguwarsu ba ko kaɗan. Ta ce ruwa na shiga, sai an ɗora kaya kan gado in an yi mai yawa. Ta ce an taɓa yin gobara a wancan layin, kuma in an bar akuya a waje da wuya ta kwana. Ta ce, "Wanga duk gaskiya ta. Amma tun da anka kawo ni unguwar ga ina amarya, ba mu taɓa ɓad da mutum ba."

Na dubi Baba can yana nuna wa masu dara girman albasa da hannuwansa. Rabon da in ga ya yi doguwar hira haka har na manta, don a gida kowa ya haddace labaransa, ana dai jin su ne don kunya. Sai na ji hawaye. Na zo neman aibu na samu da yawa, amma ba wanda zai ishe ni hujjar komawa da shi, ga asibiti kuma ba nisa. Isuhu ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Yaya, mi kinka gani?" Na ce ya je ya karɓo mabuɗi kafin in sake shawara.

Na ƙara 'yan kwanaki har suka tare. Na koya wa Ramatu damun furarsa, ba sukari, nono kaɗan, da yadda ake sa masa magani ba tare da an kira shi magani ba. Yarinyar tana da haƙuri, na yarda da ita. Na je gindin tsamiya na ba su haƙurin zagin da na yi, suka ce ai sun ji wanda ya fi shi, amma ba daga bakin baƙuwa ba. Inna Kulu ta ba ni aron takalmi, ta ce in na dawo na kawo mata da zogale.

Ranar da zan taho na so in sulale yana hira, don ban san yadda zan yi sallama da shi ba. Ashe ya hango ni da ƙullina. Ya miƙe daga cikin masu dara ya ce musu bari ya raka baƙuwarsa. Ya taka da ni a hankali har bakin lungu, yana nuna mini inda zan tsallake kwata kamar a nan aka haife shi. Ɗan Tani ya matso da babur zai kai ni tasha. Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Rakiya, ki gaida mutanen gida. In kin komo Kwanni kada ki sha wuyar nema, ki tambayi gidana. Kowa ya san shi."

Na ce to, Baba. Na hau babur. Da na waiga, tela ya riga ya fito daga shagonsa ya jera da shi, suna komawa ciki suna magana. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san gidansa, ni na zaɓa masa da kaina. Ban daina kuka ba sai da muka wuce Tsarnawa.